Maƙwabcin da Ya Tashi, Ina Haƙƙinsa?

A ƙauyukan Ingila da yawa, in mutum ya wuce coci da tsofaffin gidaje ya doshi bakin gari, zai tarar da layin gidaje iri ɗaya, biyu-biyu manne da juna, kowanne da dogon lambu a bayansa. Ƙananan hukumomi ne suka gina su bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka ba da su haya. Waɗanda suka yi ƙuruciya a cikinsu yau sun haura saba'in, wasu tamanin, kuma in suka haɗu akwai abin da ba sa fashi: sai su kama layin daga gida na ɗaya, wa ke ciki, 'ya'yansa nawa, wa ya auri wa, har su dire a gida na ƙarshe. In suna ɗaya ya ɓace, hira ba ta gaba sai an lalubo shi.

Shin wannan begen jiya ne kawai irin na tsofaffi, ko wani nauyi ne suke saukewa? Wanda ya manta sunan mutumin da suka shekara talatin bango ɗaya, ya tauye masa wani abu?

Larura ce ta gina gidajen nan. Yaƙi ya ƙare a 1945, bama-bamai sun rushe gidaje wajen 200,000 a Birtaniya, an yi shekara shida gini ya kusan tsayawa cak, ga sojoji sun dawo ana ta ɗaurin aure. A karkara kuwa matsalar ta girmi yaƙin. Ɗan ƙodagon gona yawanci a gidan mai gona yake zaune, gidan kuma tafe yake da aikin: ranar da aka sallame shi, ranar zai fara neman inda zai sa iyalinsa. Da yawa daga gidajen ba famfo, ba lantarki, masai kuma bokiti ne a ƙarshen lambu. Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal daga Tredegar a yankin Wales, wanda shi ma ya shiga ramin kwal tun yana yaro, shi ya zama ministan lafiya a 1945, harkar gidaje kuma na hannunsa. Ya kafe a kan ba za a gina wa talaka akurki ba. Dokar gidaje ta 1949 ta cire sharaɗin da ya keɓe gidajen hukuma ga masu aikin ƙarfi, domin burinsa likita da mahauci da mai kanti da ɗan ƙodago su zauna titi ɗaya.

Tubali da magina sun yi wuya, sai aka koma dabara. Sir Edwin Airey, ɗan kwangila daga Leeds, ya fito da gidan da ake harhaɗawa da ginshiƙai da allunan kankare, a jera su ɗaya bisa ɗaya a ɗaure da wayar tagulla. An gina kimanin 26,000, galibinsu a karkara.

Ba wanda ya zaɓi maƙwabcinsa a cikinsu. Maki hukuma take bayarwa bisa yawan 'ya'ya, da cunkoson inda ake zaune, da aikin soja, sannan ta miƙa mabuɗi. Amma zama ya yi aikinsa. Har 1954 ana rabon wasu kayan abinci da kati, don haka aron sukari da musayar ƙwai da kabeji ta saman shinge abin yau da kullum ne. Ta ƙofar baya ake shiga gidan juna. A kusan kowane layi akwai wata dattijuwa da ake bugawa ƙofa in naƙuda ta tashi cikin dare, ita ce kuma ake kira in an yi rasuwa ta kintsa mamacin. Kafin jana'iza wata mata za ta bi gida-gida da takarda da fensir, kowa ya ba da abin da ya samu a sayi furannin da za a ɗora kan akwati, ta rubuta sunansa. Ran da za a fita da gawa, layin kaf zai sauke labulen taga. Ba dokar da ta sa su. Mutanen tsohon ƙauye ma sau da yawa kallon raini suke yi wa 'yan gidajen hukuma, abin da ya ƙara haɗa kansu.

Mai karatu Musulmi ya san girman wannan alaƙa. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, yawan wasiyyar Jibrilu game da maƙwabci ta sa Annabi (SAW) ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Ba a sa shi ba. Malamai sun jero haƙƙoƙinsa: a gaishe shi in ba shi da lafiya, a ranta masa, a kau da kai daga sirrinsa, a raka gawarsa. Hanafawa har shuf'a suka ba shi, wato ya riga bare sayen gidan da ke manne da nasa, Malikawa kuwa suka taƙaita ta ga abokin tarayya. Sai dai kusan duka wannan jeri yana magana ne a kan maƙwabcin da ke nan. Wanda ya tashi fa, ko ƙasa ta rufe shi, ko gidan ma aka rushe?

Amsar tana wani babin. Muslim ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar da ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Abokan tafiyarsa suka ga abin ya yi yawa, tunda irin waɗannan mutane kaɗan ma ya ishe su. Dalilin da ya bayar shi ne uban mutumin aminin Umar ne, kuma sada waɗanda mahaifi yake ƙauna yana cikin mafi girman biyayya gare shi. Haka Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Duka biyun ba su yiwuwa sai da tunawa. Ɗan Umar sai da ya riƙe wane ne ɗan wane kafin ya san wa zai ba rawani. Ashe lissafin gida-gida da tsofaffin nan ke yi shi ne matakin farko na sada zumuncin da mutuwa ba ta yanke ba.

Masana falsafa sun biyo ta wata hanyar suka iso kusa da nan. Avishai Margalit, a littafinsa na 2002 kan ɗa'ar tunawa, ya ɗauko labarin wani hafsan soja da jama'a suka yi wa ca saboda ya kasa tuna sunan sojan da ya mutu a ƙarƙashinsa. A ganinsa ba duk bil'adama ne suke bin mu bashin tunawa ba, amma waɗanda zama ya haɗa mu da su suna bi, domin manta sunan mutum shaida ce cewa ba a damu da shi ba tun asali. Kafin shi, Bafaranshe Maurice Halbwachs, wanda ya mutu a sansanin fursunoni na Buchenwald a 1945, ya nuna cewa mutum ba ya tunawa shi kaɗai: jama'a da wuri su ke riƙe masa abin da ya wuce. Shi ya sa tsofaffin suke bin lambar gida, kuma shi ya sa sai sun haɗu abin yake fitowa. Ga wani dalili da ya ƙara wa nasu nauyi. Mai manyan gonaki yana da allon tagulla a bangon coci, waɗanda suka mutu a yaƙi sunansu na sassaƙe a dutsen tsakiyar gari. Matar da ta karɓi haihuwar rabin layi ba ta da ko ɗaya. In maƙwabta suka sake ta, ta tafi ke nan.

Akwai inda abin yake da wuya, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Bangon da ya raba gida biyu ba ya ɓoye komai. Maƙwabci ya san wa ke dawowa a buge, wa ke dukan matarsa, wa mai karɓar haya ya yi ta buga wa ƙofa ba a buɗe ba. Tunawa da gaskiya za ta kwashe har da wannan? Addini ya hana zagin matattu, ya kuma ɗora wa maƙwabci rufin asiri. Ronald Blythe ma, da ya rubuta littafin Akenfield a 1969 daga bakin mutanen karkarar Suffolk, sai da ya sauya sunayensu. Hanyar da ta fi adalci ita ce maƙwabci ya riƙe suna da alheri, ya bar abin da ya jiyo ta bango, domin amana ce ta faɗo hannunsa ba da son mai ita ba. Amma wannan shiru nasa ne shi kaɗai. Ɗiyar da ta tashi a cikin irin wannan gidan tana da damar faɗin abin da aka yi mata, kuma ba daidai ba ne masu begen jiya su toshe mata baki don kada hoton layinsu ya ɓaci.

Layukan sun warwatse ne sannu a hankali. Injina sun rage aikin gona, matasa suka nufi birni. Dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher ta ba ɗan hayar da ya shekara uku damar sayen gidansa da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari. Iyalai da dama sun mallaki gida karon farko a tarihinsu, wannan alheri ne da ba a musunsa. Sai dai ba a gina madadin yawancin abin da aka sayar ba. Gidajen Airey kuwa ƙarfen cikin ginshiƙansu ya yi tsatsa, dokar 1984 ta sa su cikin masu aibi, aka rushe wasu, aka yi wa wasu sabon bango.

Yau a ƙauyuka da yawa jikokin 'yan hayar farko ba su iya sayen gida ko kama haya a inda kakanninsu suka zauna, saboda masu kuɗi daga birni sun ɗaga farashi. Akwai tsarin da ya yarda a gina 'yan gidaje masu rahusa a bakin ƙauye domin waɗanda ke da asali a wurin, kuma akan kawo maganar gaban taron majalisar ƙauye, inda sau da yawa ake samun masu adawa. Zumunci a ƙafa yake, kuma a irin wannan zama ne ake ganin amfanin dattijon da ya haddace layin nan. Shi zai iya miƙewa ya ce yarinyar da ke neman gida jikar wance ce ta gida na shida, wadda ta yi wa ƙauyen nan unguwarzoma shekara da shekaru, ya kuma ɗaga hannu a gina.