Hadda Ko Ganewa: Magana a kan Koya wa Yara Bangaskiya

Ya kai mai karatu, ko an riga an yi maka baftisma, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga tambaya a gabanka. Yaron da ya haddace littafin katikisma daga fari har ƙarshe, ya san Allah ke nan?

Kada ka yi gaggawar amsawa. Littafi abu ne mai daraja ƙwarai. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1948 kuma Sistocin St Louis suka zo Kano daga ƙasar Ailan, suka kafa makaranta domin 'yan mata su iya karatu. Sun yi wannan wahala gama sun sani mai bi wanda ba ya karatu yakan dogara ga bakin wani kullum.

Amma littafi kaɗai bai isa ba. Ka duba Ayyukan Manzanni, sura 8. Wani babban ma'ajin Habasha yana cikin karusarsa, yana karanta Annabi Ishaya, bai kuwa gane ba. Filibus ya fara da tambayarsa ko yana fahimta. Sa'an nan ya zauna kusa da shi, ya kama daga wurin da mutumin ya tsaya, har mutumin da bakinsa ya roƙi baftisma.

Haka kuma Waliyyi Agustin, bishop na Hippo cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya rubuta wa wani dikon na Kartaj wajen shekara ta 400. Ya gargaɗe shi ya koyar da fara'a, ya riƙa tambayar almajiri ko ya gane, in ya ga yana hamma ya ba shi wurin zama.

To, ka tuna da ɗanka. Gobe zai tafi aike tashar Unguwa Uku, ko ya zauna da abokansa a Gyaɗi-Gyaɗi, yawancinsu Musulmi ne masu sanin littafinsu. Wani zai tambaye shi da zuciya ɗaya, don me kuke kiran Yesu Ɗan Allah? Idan hadda kaɗai gare shi, zai maimaita kamar aku. A sāke tambayar ta wata fuska, sai ya yi shiru, kunya ta kama shi, shakka ta shiga. Amma wanda ya taɓa yin wannan tambaya a gida, aka bi da shi cikin littafi har ya gani da idonsa, zai amsa da ladabi, ba da faɗa ba.

Domin wannan, ga abin da za ka yi. Da maraice ku karanta wuri kaɗan tare. Ka tambaye shi abin da ya gani a ciki kafin ka faɗi naka. In ya kuskure, kada ka tsawata masa. Ka nuna masa aya ta gaba, ya gyara da kansa. In ya tambayi abin da ya fi ƙarfinka, kada ka ƙaga amsa, gama ƙarya ce. Ku tafi wurin katekis ko Fada tare. Matambayi ba ya ɓata.

Wannan hanya tana da jinkiri, tana kuwa bukatar tawali'u, gama uba zai yarda a gaban ɗansa shi ma almajiri ne. Amma abin da yaro ya tono da hannunsa, da wuya a ƙwace masa. Allah ya ba ka haƙuri. Amin.