Nasihar Juma'a: Ciwon da Ba Ya Sallama

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW).

'Yan'uwa, mu da fatauci ya ajiye mu a Gwallaga, yau muna Wunti, gobe Muda Lawal, jibi mun kama hanyar Legas. Akwai maganar da muke jin nauyinta, amma ba kunya a neman sani.

Cikin cututtukan da muke haɗawa mu kira "ciwon sanyi" akwai kilamidiya. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, ba a bayan gida ba kamar yadda ake faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 129 sun kamu a 2020. Haɗarinta shi ne galibi ba ta nuna alama. In ta nuna, sai zafin fitsari, fitar ruwa daga gaba, ko ciwon mara.

In aka bar ta, takan toshe wa mace hanyar ƙwai, haihuwa ta tsaya, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Jariri ma yakan ɗauka wajen haihuwa, ta taɓa masa ido ko huhu. Mata nawa ake wa gorin rashin haihuwa, har da saki, alhali ciwo ne mai magani?

Allah Ya hana kusantar zina a Suratul Isra'i, aya ta 32, nan ne babbar kariya. Sai dai kar mu yi saurin zargi. Cutar na iya daɗewa a jiki tun daga auren baya, kuma gwajin ƙanjamau na kafin aure ba ya gano ta.

Wanda ya ga alama ya je asibiti, ga Asibitin Koyarwa na ATBU nan kusa. A bar sayen kafso a kemis da maganin tasha. Likita kan ba da maganin kwana 7, mai ciki nata daban. Maigida, kai da dukkan matanka za ku sha lokaci guda, ku ƙaurace wa shimfiɗa sai an gama, in ba haka ba ta dawo. Ɓoye wa iyali cutarwa ce, shari'a kuwa ta hana.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci