KO YA HALATTA A KASHE KARE DA KYANWA?

Karatu: Misalai 12:10, Fitowa 21:28-29

Wata rana da rani ina kan hanya daga Talata Mafara zuwa Bakura, sai na iske waɗansu yara a bakin magudanar ruwan Bakolori sun ɗaure kare da igiya suna ta jifansa. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta karye. Na tambaye su laifinsa, suka ce ƙwan zabo ya sha. Wani magidanci yana tsaye yana dariya, ya ce mini, "Haba Malam, ai kare ne. Wa zai kai ƙara dominsa?" Ashe bai sani ba akwai shari'a biyu a kan wannan al'amari, ta ƙasa da ta Allah.

Dokar ƙasa

A shekara ta 1959 aka kafa dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ake kira Final Kod, ta soma aiki a 1960. Da ita aka riƙa yin shari'a a Lardin Sakkwato, inda Mafara da Bakura da Maradun suke, tun kafin a yanke Jihar Zamfara a 1996. Dokar nan ta ce wanda ya yi wa dabbar gida dukan mugunta, ko ya azabtar da ita da gangan, ya yi laifi, ana iya ɗaure shi ko a ci shi tara. Wanda kuma ya kashe dabbar maƙwabcinsa ko ya ba ta guba ya yi ɓarna. Ku lura, dokar ba ta ce kada a kashe dabba ko kaɗan ba. Abin da ta hana shi ne mugunta da taɓa kayan wani. Masu bi kuwa an umurce mu cikin Romawa sura 13 mu yi biyayya ga masu mulki.

Dokar Allah

Maganar Allah ta wuce nan, gama tana binciken zuciya. Misalai 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci. Da Allah ya ba Adamu mulki bisa dabbobi, amana ya ba shi, kamar yadda mai garke yakan ba makiyayi sanda. Bayan rigyawa, alkawarin da ya yi da Nuhu ya haɗa da kowane mai rai. Ya kuma gaya wa Yunana yana tausayin Nineba har da dabbobinta. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna ba da labarin macen da ta shiga wuta domin ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. To, wane uzuri ke gare mu?

Ku tuna da aikin halittun nan. Kare yana tsaron gida da garke yayin da muke barci. Kyanwa tana kare rumbu daga ɓera. Waɗansu suna kashe baƙar kyanwa wai mayya ce. Wannan camfi ne, bai dace da wanda Kristi ya 'yantar daga tsoro ba. Yaron da ya saba jin daɗin kukan dabba kuwa, gobe kukan mutum ba zai dame shi ba.

Mahaukacin kare fa?

Nan kam ran mutum yana gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin 10 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ƙwarai ake tashi. Kashe mahaukacin kare ba zunubi ba ne. Amma a yi shi nan da nan, ba da wasa ba, ba da azaba ba, a kuma sanar da likitan dabbobi.

In kare ya ciji yaronka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ka kai shi asibiti a ranar domin a soma masa allura. Kada ka tsaya ga maganin gargajiya. In karen bai nuna hauka ba, a tsare shi kwana 10 a ga halinsa, amma kada a jinkirta zuwa asibiti saboda wannan.

Hakkin mai kare

Fitowa 21:29 ta ce in an gargaɗi mutum sansa yana tunkuyi, ya ƙi tsare shi, har ya kashe wani, alhakin jinin yana wuyansa. Haka yake ga mai kare. Tun 1885 Allah ya ba Louis Pasteur na Faransa hikimar allurar wannan ciwo, a ƙasarmu ma ana yin ta karnuka a Vom kusa da Jos. Masana sun ce in an yi wa karnuka 7 cikin 10 allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Barbaɗa guba a unguwa ba ya kawar da shi, sai dai ya hallaka kaji da ungulu, wani lokaci har da yara.

Domin wannan, ɗan'uwana, in kana da kare, ka ciyar da shi, ka yi masa allura, ka tsare shi. In ba za ka iya ba, kada ka ajiye shi. Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku tsawata wa yara masu jifa.

Karen nan na bakin magudana, na biya kuɗin ƙwan aka sake shi, ya tafi yana ɗingishi. Ko ba mai kai ƙara dominsa a kotu, Ubanmu wanda ba ya manta da ko ɗan tsuntsu guda ya gani. Bari ya ba mu zuciya mai jinƙai irin tasa, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.