Abin da Ake Ɗauka da Abin da Yake

Akwai wata kalmar Turanci da masanan dokokin Ikilisiya ke amfani da ita a shari'ar aure, wadda kan tayar wa jama'a hankali idan sun ji ta: putative. Tushenta kalmar Latin ce, putare, wato ɗauka ko lasaftawa. Ana nufin abin da mutane suka ɗauka haka yake, ko da gaskiyarsa ta bambanta. Kada mu haɗa ta da alleged, wadda 'yan jarida ke liƙa wa wanda ake zargi. Waccan tana tafe da tuhuma. Wannan kuwa ba ta ɗora wa kowa laifi.

A kan Yusufu Mai Tsarki muka fi saninta. A Luka 3:23 an kira Yesu ɗan Yusufu bisa ga zaton mutane, kuma da wannan tushe fassarar Latin ta faɗe shi. Daga nan malaman Ikilisiya suka riƙa ce wa Yusufu uba na zato. To, mutanen Nazarat sun yi kuskure ke nan? Ta wajen jini, i. Amma shi ne ya raɗa wa yaron suna, shi ya tashi da dare ya gudu da shi Masar, da gumin kafintancinsa aka ci abinci a gidan, ta wurinsa kuma Yesu ya shiga zuriyar Dawuda a gaban doka. Zaton nan bai cika gaskiya ba, amma ba ƙarya ba ne.

Inda kalmar ta fi taɓa mu shi ne aure. A kundin dokokin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1983, doka ta 1061 ta ba da wannan suna ga auren da bai ɗauru ba, muddin ɗaya daga cikin ma'auratan ya shige shi da zuciya ɗaya, har ranar da su biyun suka tabbata bai ɗauru ba. Doka ta 1137 ta ce 'ya'yan irin wannan aure 'ya'yan halal ne.

Mun san mata da yawa da ke gudun kai maganarsu kotun Ikilisiya, ko bayan da Paparoma Faransis ya sauƙaƙa hanyar a 2015, don tsoron kada a kira 'ya'yansu shegu. Abin takaici, a bakin ƙofar coci ake fara irin wannan gulma. Alhali kotu tana binciken abin da ya faru ranar ɗaurin aure ne kawai, ba ta taɓa asalin yaran. Ko da namiji ya ɓoye cewa yana da igiyar wata a kansa, kyakkyawar niyyar matar da ya yaudara ta isa ta kāre su, kuma doka ba ta nemi tasa ba.