Inda Ba Wanda Ya San Ka

A ƙasar Dawakin Tofa gona tana manne da gona, gida yana kallon gida. Yaro ba ya isa Dawanau ya dawo sai an sami wanda ya gan shi, ya kuma san sunan ubansa. Cikin wannan ido na jama'a muka girma. Amma tun shekarar 2012, lokacin da gwamnatin Kano ta Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗaruruwan ɗalibai karatu ƙasashen waje, irin su Indiya da Turkiyya, tafiya neman ilimi ta daina zama labarin 'ya'yan masu kuɗi kaɗai. Wani ya yi shekara biyu, wani zangon karatu ɗaya, watanni huɗu ko biyar, kamar ɗan cin rani.

Ku dubi ɗalibin nan a ɗakinsa na baƙunci. Mabuɗi yana hannunsa, kuɗin guzuri suna aljihunsa, ba kawu, ba maƙwabci. In ya kwana a waje, ba mai tambaya. In ya kwafi aikin wani ya miƙa wa malami, labari ba zai kai gida ba. Tambayata ita ce: kirkin da ya yi a gida, nasa ne, ko na idon mutane?

Tambayar tsohuwa ce. Aflatun, masanin Girka, ya ba da labarin makiyayin da ya tsinci zobe mai ɓatar da mutum, irin layar zana, don a bincika ko akwai mai riƙe gaskiya in ya tabbata ba a ganinsa. Jirgin sama yakan ba ɗalibi irin wannan zobe.

Kada mu raina kunya. Ita ce danga wadda take kāre shuka tun tana ƙarama. Sai dai kunya tana bukatar mai kallo, lamiri kuwa ba ya bukata. Saboda haka iyayen da suka koya wa ɗa "kada a gan ka" kawai, ba su ba shi abin da zai ƙetare teku da shi ba. Wanda aka koya wa dalilin da ya sa ƙarya take ɓata mai yin ta, ko an sani ko ba a sani ba, shi ne ya tafi da guzuri.

Daniyel ma ɗalibi ne a Babila. Shekara uku aka yanka masa ya koyi harshe da littattafan Kaldiyawa, har aka sāke masa suna. Ya koya da himma, ya yi fice, amma ya ƙi abincin sarki, alhali yana nesa da Urushalima. Ya karɓi ilimin baƙi bai sayar da kansa ba.

Maginan tukwane na Dawakin Tofa sun san cewa ɗanyar tukunya ba ta nuna aibinta sai ta shiga wuta. Baƙunci bai cika sāke hali ba, bayyana shi yake yi. Don haka, iyaye, ku gyara yumɓu tun yana hannunku. Kai kuma ɗalibi, ka je ka buɗe ido, ka yi abokai, ka koyi duk abin kirki. Ranar da ka dawo, muna so mu gane wanda muka yi wa rakiya.