MAGANI SABABI NE: NASIHA GA MATASA A KAN TSAKUWAR ƘODA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka san masu motar lasifika da ke zagaya Unguwar Kanawa da tashar Kawo, suna rantsuwa wai gora ɗaya za ta narkar da tsakuwar ƙoda cikin kwana 3. To, saurara.

Musulunci bai hana neman magani ba, umurni ma ya yi da shi. Abu biyu ne ba mu yarda da su ba: shirka da jahilci. Duk maganin da aka ce sai an yanka baƙar kaza, ko an binne laya a mararraba, ka guje shi, ko da a ce za ka warke. Lafiyar da aka saya da imani asara ce.

Shi ko ganye halittar Allah ne, amma da ilmi ake shansa. Ruwan lemun tsami na ɗauke da sinadarin da ke rage haɗuwar tsakuwa. Geron tsuntsaye kuwa, likitoci sun gwada shi, ba su tabbatar yana fasa tsakuwa ba. Ƙaramar tsakuwa, ƙasa da milimita 5, galibi da kanta take fita. Wadda ta wuce milimita 10 da wuya ta fita sai da aikin likita. In ta toshe hanyar fitsari kana ta ɗirkar jiƙo da kanwa, ƙodar ce za ta lalace. Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ƙarfe ya ƙera na huda tsakuwar da ta maƙale a hanyar fitsari. Magabatanmu ke nan!

Saboda haka in ka ji ciwo mai tsanani a kwiɓi, ko ka ga jini a fitsari, balle da zazzaɓi, kada kunya ta kashe ka. Tafi asibitin Barau Dikko a yi maka hoto. Kai mai aiki cikin rana, sha ruwa kamar lita 3 kullum, ka rage gishiri. In azumi ne, ka sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Jikinka amana ne, kuma za a tambaye ka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kashe mu a kan Sunna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.