Wane Yaro Ne Yesu Yake Nufi?



Akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a zuciyata, tun ranar da wani saurayi mai karatu ya tare ni a bakin ƙofar coci bayan Mas na Lahadi. A ranar an karanta Bisharar Matta sura 18, inda Ubangijinmu ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyar almajiransa, ya mai da shi ma'aunin shiga Mulkin Sama. Saurayin ya ce da ni, "Fada, ba irin wannan koyarwa ce ta sa mutanenmu suka naɗe hannu ba? Kowa ka taɓa sai ya ce Allah zai yi. Yaushe za mu girma?" Na ba shi amsa a gurguje domin jama'a suna jirana. Amsar ba ta gamsar da shi ba, ni ma kuwa ba ta gamsar da ni ba.

Lalle yana da hujja, har daga cikin Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ya shaida wa Korantiyawa cewa girma ya raba shi da halin yarinta, ya kuma tsawata wa malalatan da ke cikin ikilisiyar Tasalonika. Ashe dole ne mu tambaya: mene ne Yesu ya gani a jikin yaron nan?

Sau da yawa mukan ce tsarkin zuciya ne. Duk uwar da ta yi goyo za ta yi murmushi in ta ji haka. Waliyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ba da labarin wani jariri da ya gani da idonsa, bai ma iya magana ba, amma fuskarsa ta sāke saboda kishin ɗan'uwansa da ke shan nono. Yara suna da kishi, da rowa, da fushi. Sai dai mu tuna abin da ya jawo maganar: almajirai ne suke neman sanin wane ne babba a cikinsu. Yaro kuwa ba shi da muƙami, ba gona, ba rumbu. Abincinsa, da rigarsa, har sunansa, duka ba shi aka yi, kuma ba ya jin kunyar karɓa. Mu manya a nan muke tuntuɓe. Mun fi so a ce guminmu ne, ko a gaban Allah ma mu zo da lissafin azuminmu da baikonmu kamar masu bin bashi.

Amma yaro ma iri biyu ne. Zabura ta 131 ta kwatanta ran mai dogara ga Allah da yaron da aka yaye, yana kwance a jikin uwarsa. Na yi shekaru ina karanta wannan zabura tun ina seminari, ban lura da kalmar yaye ba. Jariri mai shan nono yana neman uwarsa ne saboda abin da ke ƙirjinta. In ya samu ya yi barci, in bai samu ba ya cika gida da kuka. Addu'ar yawancinmu haka take. Muna son Allah muddin yana bayarwa. In ciwo ya daɗe, ko haihuwa ta yi jinkiri, ko aiki ya ƙi samuwa, sai a fara zagaye daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, wasu har wurin boka da dare. Yaye kuwa abu ne mai ɗaci. A gidajenmu akan shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a kai yaro wurin kakarsa, ya yi ta kuka yana tsammani an ƙi shi. Bayan kwanaki sai ya dawo, ya hau cinyar uwarsa ya kwanta. Ba nonon yake nema ba yanzu. Ita yake so.

Ban san wanda ya fi nuna wannan a rayuwarsa kamar Waliyiya Tereza ta Yaro Yesu ba. An haife ta a ƙasar Faransa a 1873. Tana da shekara 4 mahaifiyarta ta rasu. Ta shiga gidan zuhudu na Karmel a garin Lisiyo a 1888, tana da shekara 15, bayan ta je har Roma ta roƙi Paparoma Leo na 13 izini. Shekara guda da shigarta, mahaifinta da take ƙauna ƙwarai ya kamu da ciwon da ya taɓa hankalinsa, aka kwantar da shi asibiti shekara uku. Hotunanta da furanni a hannu suna sa mutane su zaci rayuwarta ta yi daɗi. Ba haka ba ne. A Makon Tsarki na 1896 ta fara aman jini, alamar tarin fuka. 'Yan kwanaki bayan haka wani duhu ya rufe zuciyarta, har tunanin Sama, wanda dā shi ne farin cikinta, ya zama mata azaba. Wajen wata 18 ta yi a cikin wannan hali, har mutuwarta. Ba ta ji daɗin addu'a ba, ba a kuma warkar da ita ba. An ɗauke nonon ke nan, ita kuwa ba ta sauka daga cinyar ba.

Ga kuma abin da ya kamata in gaya wa saurayin nan. Tereza ba ta naɗe hannu ba. Ta yi wanki, ta yi shara, ta kula da kayan bagade, ta riƙa raka wata tsohuwar sista mai yawan ƙorafi zuwa ɗakin cin abinci. Ta koyar da sabbin shiga, ta kuma ƙarfafa masu wa'azin bishara biyu ta wurin wasiƙu, ɗaya ya tafi ƙasar Sin, ɗaya ya zo Afirka. Ɗaya daga cikin sistocin da ta koyar ta tuna wani misali da ta ba ta: ƙaramin yaro a gindin matakalar bene, mahaifinsa yana sama. Yaron ba zai iya hawa ko mataki ɗaya ba, amma ba ya fasa ɗaga 'yar ƙafarsa, har uban ya sauko ya ɗauke shi. Malalaci ba ya ɗaga ƙafa. Mai girman kai yana ɗagawa, amma in an zo ɗaukarsa sai ya ture hannun. A ganina manomin da ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noma, sa'an nan ya ɗaga ido yana jiran ruwan da ba shi da iko a kansa, ya fi mu masu karatu gane wannan misali.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wurin da maganata takan ƙare. Na tsaya a bakin kabarin yara, iyayensu suna dubana, sun yi addu'a, sun sayi magani, sun yi duk abin da ɗan Adam zai iya. A irin wannan wuri ba na yi wa kowa wa'azin yaye. Nakan tuna kawai cewa Ɗan Allah da kansa ya roƙi Ubansa a gonar Gatsemani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a kuwa ɗauke ba, kuma da sunan Uba ya kira shi har a kan gicciye.

Tereza ta rubuta shafukan ƙarshe na tarihin rayuwarta da fensir, domin hannunta ya kasa riƙe alƙalami. Ta rasu ranar 30 ga Satumba, 1897, tana da shekara 24. Paparoma Piyus na 11 ya sa ta cikin waliyai a 1925, Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuma ya ba ta matsayin Malamar Ikilisiya a 1997, ita da ba ta taɓa shiga jami'a ba. Muna yin idinta ranar 1 ga Oktoba.

Saurayin nan ban sāke ganinsa a bakin ƙofa ba. In wannan takarda ta kai hannunsa, ya zo gidan Fada bayan Mas, mu ƙarasa maganarmu a zaune.